Yadda Turawa ke sakaya zancen saduwa: amsa ga wata ma'aikaciyar jinya

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, na samu aiki a wani asibiti a Ingila, ina kuma shirin tafiya. Turancin littafi bai gagare ni ba, amma na lura Turawa ba sa fitowa fili idan suna zancen abin da ke tsakanin namiji da mace, sai su yi ta kewaye-kewaye da kalmomin da a zahiri ba su da alaƙa da batun. Yaya zan gane irin waɗannan maganganu, kuma wanne ya dace in faɗa, wanne bai dace ba?

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi daidai da kika yi wannan tambaya tun kafin ki tashi, domin fanni ne da makarantunmu ba sa koyarwa, alhali mai aikin jinya ba ta da makawa sai ta ci karo da shi. A matsayina na wanda ya daɗe yana koyar da Turanci da yin tafinta, abin da zan fara gaya miki shi ne wahalar ba a yawan kalmomin take ba, ko da yake suna da yawa. Wahalar ita ce kowace magana tana da matsayinta: akwai ta asibiti da kotu, akwai ta mutunci da ake yi a gaban kowa, akwai ta raha tsakanin abokai, akwai kuma batsa tsagwaronta, kuma wanda ya koyi Turanci a aji yakan san ma'anar magana ba tare da ya san a wane hawa take ba. Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne, tunda mu ma muna cewa saduwa, ko kwanciyar aure, ko kusantar iyali, malamai su ce jima'i, kuma kowa ya san akwai kalmar da ba a furtawa a gaban surukai ko yara. A Hausa kunnenki ya san nauyin kowace kalma tun kina ƙarama, a Turanci kuwa sai kin zauna kin koya.

Tushen abin yana cikin tarihin harshen. Bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana zaman harshen fada da na shari'a, Latin kuma harshen coci da na ilimi, Turanci ya rage a bakin talakawa. Saboda haka harshen ya tashi da kalmomi hawa biyu a kan abubuwa da yawa, amma babu inda tazarar ta yi faɗi kamar a wannan batu. A sama akwai kalmomin da aka aro daga Latin, irin su "copulate" da "penis" da "vagina", waɗanda ake jin su kamar daga bakin likita, kuma biyun na ƙarshe su kansu sakaya ce a asalinsu, domin a Latin ɗaya tana nufin wutsiya, ɗayar kuma kuben takobi. A ƙasa akwai gajerun kalmomin nan da Turawa ke kira "four-letter words", wato masu haruffa huɗu, waɗanda ake ɗauka zancen 'yan tasha ne. A tsakiya kuwa, inda ya kamata a sami kalmar yau da kullum, kusan babu komai. Marubucin nan C. S. Lewis ya lura da haka a wata maƙala da ya buga a 1955, inda ya nuna cewa duk mai son ambaton waɗannan gaɓoɓi a Turanci sai ya zaɓi ɗaya cikin huɗu: kalmar yara, ko tsohuwar kalmar da aka daina amfani da ita, ko ta batsa, ko ta kimiyya. Wannan giɓi na tsakiya shi ne sakaya ta zo ta cike.

Sannan kada ki ɗauka Turawan da kike gani a finafinai haka kakanninsu suke. Sun yi zamanin kunya mai tsanani. A 1818 Thomas Bowdler ya fitar da wasannin Shakespeare bayan an tsince duk abin da ake ganin bai kamata a karanta a gaban iyali ba, har sunansa ya zama fi'ili, "bowdlerise", ma'ana a yanke batsa daga littafi. Babban ƙamus na Oxford ya tsallake kalmomin batsa biyu mafi nauyi, bai saka su ba sai a 1972. A 1960 an gurfanar da kamfanin Penguin a kotu a Landan saboda buga littafin D. H. Lawrence mai suna Lady Chatterley's Lover, aka kuma wanke kamfanin, shari'ar da ake ɗauka ita ta buɗe ƙofa ga abin da ya biyo baya. A Amurka ma, a 1952 gidan talabijin na CBS bai yarda a furta kalmar "pregnant" a shirin da 'yar wasa Lucille Ball ke fitowa ba lokacin da take da juna biyu, sai dai a ce "expecting", wato tana jira. Na kawo waɗannan ne domin yawancin tsofaffin da za ki yi wa jinya a wancan zamani suka tashi ko a jelarsa, kuma za ki tarar suna jin nauyin wannan zance kamar yadda iyayenmu ke ji.

To, ga maganganun mutunci da za ki fi ji. "Have sex" ita ce madaidaiciya a yau, ba batsa ba ce, kuma ita likitoci ke amfani da ita. "Make love" tana ɗauke da ma'anar so da ƙauna, ta fi dacewa da ma'aurata da masoya. "Be intimate with" da "have relations with" sun fi nauyi da kamun kai, tsofaffi sun fi faɗarsu. "Go to bed with" da "spend the night with" da "sleep together" duk hanya ɗaya suka nufa. Amma wadda nake so ki riƙe da hannu biyu ita ce "sleep with", domin ita ce ta fi kayar da Bahaushe. A wurinmu mace takan ce ta kwana da yayarta, ko ta kwana da mara lafiya a asibiti, kuma ba wanda zai kawo komai a ransa, tunda haka jinya take a ƙasarmu. Idan kika juya wannan kai tsaye kika ce "I slept with the patient", to kin gaya wa Bature cewa kin sadu da mara lafiyar da ke hannunki, wanda laifi ne babba da ke iya raba ma'aikaciya da lasisinta. Abin da ake cewa shi ne "I stayed with her overnight", ko "we shared a room" idan ɗaki kuka haɗa. Ana iya faɗar "sleep with" a kan jariri da uwarsa, ko a kan mutum da fitila a kunne, ba tare da an fahimci wani abu ba, amma tsakanin manya biyu ma'anar saduwa ce ke fara zuwa.

Akwai wata ɗabi'a ta sakaya da za ta taimake ki wajen karatu, wato ba ta daɗewa tana rufe abin da aka ɗauko ta ta rufe. Kamar zanen da aka lulluɓe kifi da shi ne, ba da jimawa ba shi ma sai ya ɗauki ƙarni, a nemi wani. Masanin harshe Steven Pinker ya raɗa wa wannan suna "euphemism treadmill". "Intercourse" a da tana nufin hulɗa ce kawai tsakanin mutane ko ƙasashe, shi ya sa za ki ga "social intercourse" a tsofaffin littattafai, amma da aka riƙa cewa "sexual intercourse" sai ma'anar ta mamaye kalmar, har yanzu da wuya ka ji an yi amfani da ita a wata ma'ana. "Make love" ma a da neman aure ne da kalaman soyayya: a littafin Emma na Jane Austen, wanda ya fito a 1815, an ce Mista Elton yana "making violent love" ga Emma a cikin keken doki, kuma abin da ake nufi shi ne ya dame ta da furta mata so, ba wani abu ba. Hatta "conversation", wadda a yau hira ce, ta taɓa ɗaukar wannan ma'ana, domin a dokar Ingila akwai ƙarar da ake kira "criminal conversation", inda miji ke neman diyya daga kwarton matarsa, har aka soke ta a 1857. Haka "affair" da "lover" da "mistress" da "escort" da "adult" duk sun bi wannan hanya, kowace ta fara da ma'ana mai tsabta sannan ta karkata. Idan kika ga "adult shop" ko "adult film", ba shagon manya ko fim ɗin dattawa ake nufi ba, kayan batsa ne.

Harshen shari'a yana da nasa. "Carnal knowledge" ta samo asali ne daga salon Baibul, inda fassarar Sarki James ta 1611 ta ce a littafin Farawa Adamu ya "san" matarsa Hauwa'u, salon da ya yi kama da yadda muke cewa ya san ta ɗiya mace. Wannan magana ta shigo Nijeriya tare da dokokin Turawa: sashe na 357 na Criminal Code, da ake aiki da shi a kudu, ya bayyana fyaɗe da "unlawful carnal knowledge", yayin da sashe na 282 na Penal Code na arewa ya ce "sexual intercourse". Sababbin dokoki, irin dokar laifukan jima'i ta Ingila ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta Nijeriya ta 2015, sun bar wannan kewaye-kewaye, suna ambaton gaɓar da aikin da sunansu. "Consummate the marriage" kuma tana nufin saduwar farko da ke tabbatar da aure, kuma a Ingila rashinta na iya zama dalilin rushe auren miji da mata.

Me ya sa masu tsara doka suka guje wa sakaya? Amsar wannan ita ce ta fi shafar aikinki. Maganar da aka sakaya tana da faɗi, kowa na iya cusa mata ma'anar da ta yi masa daidai. A ranar 26 ga Janairun 1998 shugaban Amurka Bill Clinton ya tsaya a gaban 'yan jarida ya ce bai yi "sexual relations" da Monica Lewinsky, wata matashiya da ta yi aiki a fadarsa, ba, daga baya kuma gardamar ta koma kan iyakar abin da wannan magana ta ƙunsa, kuma ko da ya amsa laifinsa a watan Agusta na shekarar, wata sakayar ya sake ɗaukowa, ya ce ya yi alaƙar da ba ta dace ba. A Janairun 1999 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga binciken Stephanie Sanders da June Reinisch na Cibiyar Kinsey mai nazarin al'amuran jima'i, waɗanda suka tambayi ɗaliban jami'a 599 abin da suke ɗauka a matsayin "had sex". Kashi 59 cikin ɗari sun ce saduwa ta baki ba ta cikin lissafi, kashi 19 kuma sun ce ta dubura ma ba ta ciki. Ki duba abin da wannan ke nufi ga mai jinya: idan kika tambayi matashi "Are you sexually active?" ya ce a'a, yana iya kasancewa gaskiya ya faɗa bisa fahimtarsa, alhali ya yi abin da zai iya ɗauko masa ciwon sanyi. Wata kuma za ta ce a'a domin ta ɗauka "active" na nufin yawaitawa ko yawan abokan kwanciya. Shi ya sa a asibitocin cututtukan jima'i ake horar da ma'aikata su yi tambaya dalla-dalla: yaushe ne na ƙarshe, da namiji ko da mace, ta wace hanya, an sa kwaroron roba ko ba a sa ba.

Na san wannan zai yi miki nauyi a baki da farko, kuma ba na raina wannan nauyi, domin kunya ado ce a wurinmu. Amma ga mu Musulmi akwai madogara a sarari. Alƙur'ani yana ambaton wannan al'amari da kinaya mai kyau, yana cewa game da matan aure su tufa ne gare ku, ku ma tufa ne gare su, to amma lokacin da Ma'izu ɗan Malik ya zo yana iƙirarin zina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko dai sumba ya yi, ko taɓawa, ko kallo, sannan ya tambaye shi da kalmar kanta ba tare da sakayawa ba, kamar yadda ya zo a Bukhari daga Ibn Abbas. Inda hukunci ko lafiya ko rai ya rataya a kan magana, fayyacewa ita ce daidai, kuma ɗakin duba mara lafiya yana cikin irin waɗannan wurare.

Sai dai marasa lafiyar su ba za su fayyace ba, kuma aikinki ne ki gane su. Tsohuwa a Ingila za ta ce tana da matsala "down below" ko "down there", wato a gabanta. "Waterworks" hanyar fitsari ce, "back passage" dubura, "front passage" farji, "privates" da "bits" al'aura gaba ɗaya. "The change" daina jinin al'ada ne, "time of the month" kuwa zuwansa. Namijin da ya ce yana da "trouble in the bedroom" ko "I can't perform" yana kukan raunin mazakuta ne, kuma ki saurare shi da kyau, domin wannan kan zama alamar farko ta ciwon suga ko ciwon jijiyoyin jini. "Protection" kwaroron roba ne, "on the pill" tana shan ƙwayar hana ɗaukar ciki, "we've been careful" sun yi ƙoƙarin kauce wa ciki ta wata hanya da sai kin tambaya za ki sani, "trying for a baby" suna neman haihuwa, "the snip" kuma aikin da ake yi wa namiji don ya daina haihuwa. Wani zai ce miki shi "clean" ne, yana nufin ba ya ɗauke da cuta. Ki gane shi, amma kada ke ki yi amfani da kalmar, domin tana nuna cewa mai cutar ƙazami ne, kuma irin wannan yana hana mutane zuwa gwaji.

Akwai kuma tarkon da ke tsakanin Turancin ƙasa da ƙasa. A Ingila "rubber" abin goge rubutun fensir ne, a Amurka kwaroron roba. "Fanny" a Amurka mazaunai ne, kalma ce mai sauƙi, a Ingila kuwa gaban mace ne, kuma ba a faɗarta a wurin aiki. "Knocked up" ciki ne, amma cikin rashin ladabi, galibi cikin da ba a shirya masa ba. "Shag" a Ingila batsa ce, duk da yawan jin ta da za ki yi a talabijin. Turancinmu na Nijeriya ma yana da nasa sakaya da Bature ba zai gane ba. Mukan ce mace "has taken in" idan ta yi ciki, mu ce "she put to bed" idan ta haihu, har ƙamus na Oxford ya shigar da wannan ta biyun a Janairun 2020 a matsayin Turancin Nijeriya, amma a Ingila "put to bed" kwantar da yaro ne ya yi barci, kuma ungozoma za ta tsaya tana jiran ki faɗi wanda aka kwantar. Haka idan kika tambayi mace yaushe ta "meet" da mijinta, kina nufin saduwa, za ta ba ki labarin shekarar da suka fara haɗuwa. Mafi haɗari ita ce "hook up". A Amurka da Ingila tana iya nufin komai daga sumba zuwa kwanciya tsakanin waɗanda ba su da alkawarin komai, kuma matasa suna son ta ne daidai saboda ba ta fayyace ba, a Nijeriya kuwa ta koma nufin kwanciya don kuɗi.

Maganganun raha da na matasa ba sai na daɗe a kansu ba, tunda ganewa kawai kike buƙata. Amurkawa sun aro daga wasan besbol: "first base" sumba, "second base" da "third base" taɓe-taɓen da ya wuce haka, "home run" ko "go all the way" saduwa cikakkiya. "One-night stand" kwanciyar dare ɗaya ce, asalinta kuwa wasan da 'yan kwaikwayo ke yi dare ɗaya a gari su wuce. "Friends with benefits" abokai ne da ke kwanciya ba tare da soyayya ba. "The birds and the bees" bayanin da iyaye ke yi wa yara kan yadda ake samun haihuwa. Mutanen Ingila suna da nasu na barkwanci, irin su "hanky-panky" da "slap and tickle" da "how's your father", sannan "playing away" da "a bit on the side" cin amanar aure ne. Wasu ma daga labarai aka haife su: a watan Yunin 2009 ma'aikatan gwamnan jihar South Carolina ta Amurka, Mark Sanford, sun ce ya tafi yawon ƙafa a hanyar tsaunukan Appalachian, ashe yana Ajantina wurin wata mace, daga nan "hiking the Appalachian Trail" ta zama habaici ga mai neman mata a ɓoye. Biyu daga cikin irin waɗannan sun shafi tsaron kanki a matsayinki na baƙuwa. Idan namiji ya gayyace ki "Netflix and chill", ba kallon fim yake nufi ba, haka idan ya rako ki da dare ya nemi ki "come up for coffee" ko ya nemi ya shigo shan kofi, sau da yawa ba kofin ne a ransa ba. Kina da cikakken haƙƙin ki ce a'a kai tsaye, kuma a can ba a ɗaukar haka rashin kunya.

Wani rukuni kuma ina ƙinsa, kuma ina ganin ya kamata a san dalilin ƙin. Da yawa daga kalmomin batsa na Turanci an ɗauko su ne daga duka da sassaƙa da cin wasa: "bang", "nail", "screw", "score", "conquest". A cikinsu namiji ne mai aikatawa, mace kuma abin da aka yi wa aiki ko aka ci a gasa. Namiji mai yawan mata ana ce masa "stud" ko "player", kalmomin da ke da ƙamshin yabo, macen da ta yi daidai abin da ya yi kuma ana ce mata "slut" ko "easy" ko "loose", waɗanda zagi ne tsantsa. Waɗannan ba sakaya ba ce, kishiyarta ce, wato zaɓar mummunar kalma da gangan, abin da masana harshe Keith Allan da Kate Burridge suka yi nazari a kai a littafinsu na 1991 da sunan "dysphemism". Idan abokin aiki ya riƙa jifan ki da irinsu, ko da da sunan wasa ne, dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta ɗauki wannan a matsayin cin zarafi a wurin aiki, kuma kina iya kai ƙara ga shugabar sashenku.

Game da abin da ke za ki faɗa, ki tsaya a kan madaidaitan kalmomi: "have sex", "sexual partner", "vagina", "vulva", "penis", "anus", cikin murya natsattsiya, ba tare da dariya ko sunkuyar da kai ba, domin idan mara lafiya ya ga kina jin kunya shi ma zai rufe baki. Ki ce "partner" har sai mutum ya gaya miki da kansa miji ne ko mata, tunda da yawa suna zaune tare ba aure. Duba al'aura ko nono ana kiransa "intimate examination", kuma ƙa'ida ce a yi wa mara lafiya tayin "chaperone", wato wani ma'aikaci da zai tsaya a matsayin shaida. Idan mara lafiya ya yi amfani da tasa kalmar, ki karɓa, sannan ki tabbatar da ita da kalmar asibiti, misali ki ce "When you say down below, do you mean the vagina or the back passage?" Idan kuma kika ji magana ba ki san ta ba, ki duba ƙamus na masu koyon Turanci irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, kuma kada ki tsaya a ma'ana kawai, ki karanta ƙaramar alamar da ke gefen kalmar, wadda ke nuna ko "formal" ce, ko "informal", ko "slang", ko "humorous", ko "offensive". Wannan alama ita ce ke gaya miki hawan da kalmar take.

Inda sakaya ta fi yin ɓarna shi ne batun cin zarafi. Wadda aka yi wa fyaɗe da wuya ta furta kalmar "rape" a karon farko. Za ta ce "he forced himself on me", ko "he took advantage of me", ko "something happened", tsofaffi kuma su ce "interfered with". Yaro zai ce wani yana "touching" ɗinsa ko yana "messing with" shi, ko ya kira al'aurarsa da sunan da aka koya masa a gida, irin su "flower" ko "cookie" ko "willy", kuma babban da bai san wannan ba zai iya jin koken yarinya ya wuce, yana zaton zancen fure ko biskit take yi. Saboda haka ne masu aikin kare yara ke shawartar iyaye su koya wa 'ya'yansu ainihin sunayen gaɓoɓi. Matasa kuma sun ƙirƙiro sababbin kalmomi don kauce wa na'urorin tace rubutu na TikTok da Instagram, suna rubuta "seggs" a madadin "sex", "corn" a madadin "porn", "grape" a madadin "rape", da "SA" a madadin "sexual assault", kuma wasunsu sun fara faɗar su da baki. Hukumomi ma sun gyara nasu harshen: ƙa'idojin da aka amince da su a Luxembourg a 2016 sun nemi a daina cewa "child pornography" a koma "child sexual abuse material", domin kalmar farko tana sa laifin ya yi kama da nishaɗi. A Ingila shekarun yarda da saduwa 16 ne, kuma a idon doka yaron da bai kai 13 ba ba shi da ikon yarda ko kaɗan, don haka duk abin da aka yi da shi laifi ne komai sunan da aka sa masa.

Idan kika ji ɗaya daga cikin waɗannan maganganu, kada ki fassara ta da kanki, kuma kada ki sa wa mai maganar kalma a baki. Ki ce a hankali "Can you tell me what you mean by that?", ki bar shi ya yi bayani da bakinsa, kada kuma ki yi alkawarin rufe sirrin, domin doka da ƙa'idar aikinki ba za su bar ki ki cika shi ba idan yaro ne ko babban da ba ya iya kare kansa. A takardar mara lafiya ki rubuta ainihin kalmomin da ya furta a cikin alamar zance, ko da na yara ne ko na batsa, tare da rana da lokaci da sunan wanda ke wurin, domin idan maganar ta kai kotu kalmominsa za a nema, ba naki ba. Sannan ki sanar da jami'in da asibitin ya ɗora wa alhakin kare yara da masu rauni, wanda suke kira "safeguarding lead", tun kafin ki tashi daga aiki a ranar.